Kunamar Gaba Kilo Goma Sha Huɗu

"Kowa ya kwanta! Na ce kowa ƙasa — fashi ne!"

Ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata, a shagon sayar da wayoyin hannu da ke bakin shatale-tale. Mutum biyu suka banko ƙofa, kowanne ya kifa hular kwano mai baƙin gilashi. Na gaba dogo ne, riƙe da bindiga mai baki biyu. Na baya gajere mai ɗan tumbi, da safar hannu, yana jan buhu, yana raɓe-raɓe kamar shi aka zo yi wa fashin.

Mai shago ya nutse ƙarƙashin kanta. Masu saye biyu suka zube. Budurwar da ke sayar da kaya ta durƙusa a bayan gilashin wayoyi, hannu a kai. Wata tsohuwa da ta kawo wayarta gyara ta ce ita fa gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, sai dai a ba ta kujera.

Dogon nan shi ne Guguwa, ogan tawagar. Kuma yana da wata ɗabi'a: duk inda ya shiga, sai ya fara ɗirka wa silin harsashi ɗaya. Wai sallama ke nan. Ya ɗaga bindiga sama, mai kunama biyu ce, ya sa yatsa a kunamar gaba, ya ja.

Shiru.

Ya sake ja. Shiru kake ji, malam ya ci shirwa. Ya ciji leɓe, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Kunama ko gezau!

To, mu bar shi nan yana ja, ba inda za shi. Mu koma baya kwana uku ku ji yadda aka haihu a ragaya.

Gajeren nan mai buhu, Mai Sikeli ake ce masa. Shekara talatin yana gyaran ma'auni a wani ɗan shago mai warin mai da tsatsa. Mahauta, masu hatsi, masu sayen tsohon ƙarfe, kowa wurinsa yake kawo sikelinsa. Sai sikeli masu batir suka shigo gari, irin waɗanda in sun lalace jefarwa ake yi. Sana'a ta mutu a tsaye. Rannan Guguwa ya shigo da bindiga naɗe cikin tsohon labule, ya ce hannun da ya iya sikeli zai iya wannan. Tun daga ranar Mai Sikeli ya zama mai kula da ƙarfen tawaga: ya goge, ya sa mai, ya ɓoye a ɗakin baya. Bai taɓa bin su aiki ba. Kullum yana gaya wa kansa, "Ni ai ba ɗan fashi ba ne, mai kawai nake sa wa ƙarfe." Mhm. Kowane mai laifi da irin waƙar da yake lallashin kansa da ita.

Ranar Asabar da tsakar rana suka haɗu a ɗakin bayan nan, su uku. Na ukun direbansu ne, Birki, wanda ya samu sunan don bai taɓa takawa ba.

Guguwa ya dangwarar da bindiga a kan tebur.

"Tsoho, wani maharbi ya ce min wai kunama tana da nauyi, kamar nama. Gaskiya ne ko raina min hankali ya yi?"

"Gaskiya ne, Oga. Ƙarfin da yatsa zai sa kafin ta tashi, shi ne nauyinta."

"To auna min. Ni ba na aiki da abin da ban san kilonsa ba."

Nan fa idon Mai Sikeli ya yi haske, an taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. Ya duba ya tabbatar ba harsashi. Ya tsayar da bindigar, baki a sama, ya ɗaura igiya a kunamar gaba, ya rataya ɗan bokiti. Ya shiga jefa ƙarafan awo ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yana kasa kunne kamar likita.

Ƙyas!

"Ta gaba, kilo biyu cif."

Ya mayar da igiyar kan ta baya. Ƙyas!

"Ta baya, biyu da kwata."

Birki ya tashi zumbur. "An cuce mu, Oga! Ba su zo ɗaya ba. An tauye wa ta gaba kwata!"

"Zauna, sakarai," in ji Mai Sikeli. "Da gangan maƙeran suka yi haka. In bakin farko ya tashi, bindiga tana shuri da baya kamar jaki. In ta baya ba ta ɗan fi nauyi ba, girgizar sai ta tayar da ita, baki biyu su tashi tare, kafaɗarka ta riga ka isa gida."

Guguwa ya yi dariya, ya ce kan tsohon nan yana ja. Sannan ya rage murya.

"Talata akwai harka. Shagon wayoyi na bakin shatale-tale."

Ƙarfen rabin kilo ya suɓuce daga hannun Mai Sikeli ya faɗa masa a kan babban yatsan ƙafa. Ko zafin bai ji ba. A wannan shago 'yarsa Auta ta fara aiki, sati uku ke nan. Autar da kullum ta dawo sai ta zauna kusa da shi tana ba shi labarin masu saye. Autar da ke bugun ƙirji a gaban ƙawayenta tana cewa babanta ko gashin kaza ba ya tauyewa a awo.

"Oga," ya ce, "na ji an ce wayoyin shagon nan duk jabu ne."

"Jabun ma muna so."

"An ce suna da kare."

"Na je na duba. Ko mage babu."

"Talata ba ta da sa'a."

"Kai, Tsoho! Yau kuma malamin duba ka koma? Af, na manta. Mai riƙe mana buhu ya tuba, ya koma sayar da kankana. Kai za ka riƙe."

Tirƙashi! Gaba kura, baya siyaki. In ya ce 'yarsa ce a shagon, Guguwa zai ce madalla, an samu 'yar ciki, ita za ta buɗe ƙofar baya. In ya je wurin 'yan sanda, da shi za a fara, Auta ta ji ko wane ne ubanta. Abu ɗaya yake nema a duniya: yarinyar nan ta fita lafiya daga ranar Talata ba tare da ta san yana ciki ba.

Wani zai gudu. Wani zai jefa bindigar a rijiya, Guguwa ya samo wata wadda ba a san halinta ba. Shi kuwa mai gyaran sikeli ne, sai ya yi tunani irin na masu gyaran sikeli.

Ranar Lahadi ya kulle kansa a shago, ya buɗe cikin bindigar, ya yi mata abin da bai taɓa yi wa ma'auni ba a rayuwarsa: ya lalata awon da gangan. Har da sifirin ɗin wani tsohon sikelin auna buhuna ya cusa mata. Ya rataya bokiti ya gwada. Ya juye ƙarafan awonsa kaf, kunama ba ta motsa ba. Ya ƙara dutsen guga. Ya ƙara kwaɗon ƙofa. Ya ƙara rabin bulo.

Ƙyas!

Kilo goma sha huɗu. Ta gaba haka, ta baya haka. Ya share gumi, ya ce a ransa, "To, Guguwa, sai ka zo da ƙato ya taya ka."

Da haka aka bar ta, da an kwashe lafiya. Amma ina! Allah ya raba mu da taimakon wawa.

Ranar Litinin Birki ya zo ya ɗauki bindigar don ya ɓoye ta a mota. A hanya ya tsaya a wani lungu, ya gyara madubi, ya ɗaure fuska, ya nuna kansa da ita yana cewa, "Kai, miƙo makulli!" Ya ja kunama. Ba ta motsa ba. Ya ja ta baya. Ita ma haka.

"Tsatsa!" ya ce. "Tsohon nan ya fara ruɗewa. Bari in gyara a ɓoye, gobe Oga ya san waye ɗan hannunsa."

Ya zarce garejin abokinsa Bakanike. Shi kuwa Bakanike bai taɓa riƙe bindiga ba, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa "ban iya ba". Ya juya ta, ya leƙa, ya shinshina.

"Wannan ai kuloci ne, mutumina. Ya yi tauri, sassautawa yake so."

Ya kama kunamar baya, don ita ta fi kusa da hannunsa. Ya cire wannan, ya goge wancan da magagari, ya zuba baƙin mai. Ya ƙara gogewa don alheri. Da ya gama, hura ta kawai ya yi.

Ƙyas!

"Ka gani? Saura ta gaba."

Bai rufe baki ba sai ga motar 'yan sanda ana turo ta cikin gareji. Sufeto a gaba yana ba da umarni, Kofur a baya yana turi yana haki.

"Bakanike! Kulocin nan ya yi tauri, sassauta mana!"

Birki ya cusa bindiga ƙarƙashin kujera, ya gaida Sufeto har ƙasa, ya sulale. Bai gaya wa kowa ba, wai yana so ya ba Oga mamaki. Bakanike kuwa ya ɗauki magagarinsa ya nufi motar hukuma, hannunsa bai ma huce ba.

To, mun dawo shago. Guguwa na nan inda muka bar shi, yana ja.

"Ɗan nan," in ji tsohuwa daga kan kujerar da ta jawo wa kanta, "ka buɗe makullin kuwa? Marigayi mijina maharbi ne. Akwai wani ɗan maɓalli a sama."

"Na buɗe, Iya! Yi min shiru!"

"To sa yatsa biyu."

"Na ce ki yi shiru — fashi ake yi!"

Amma fa ya sa yatsa biyun. Ba ta motsa ba. Ya juya ya daka wa Mai Sikeli tsawa.

"Tsoho! Me ka tsaya kallo? Kwashe wayoyi!"

Mai Sikeli ya taka zuwa kanta. Ga Auta a durƙushe, taku ɗaya tsakaninsu, sanye da ɗankwalin da ya ga tana gogewa da safe. In ya yi magana da muryarsa, ta ƙare. Ya matse maƙogwaro, ya fito da wata siririyar murya kamar ta ɗan akuya.

"Miƙo... wayoyi."

Ta ɗago, ta dubi baƙin gilashin, ta dubi tumbin. Ta fara miƙowa, amma bakinta bai mutu ba.

"Ka ji tsoron Allah, baba. Da girmanka da komai. Ba ka da 'ya'ya a gida?"

Saura kaɗan ya faɗi. Ya dafa gilashin wayoyi, ya tuna ashe kowane tsoho baba take ce masa. Ya girgiza kai, ya nuna wayoyin roba da ake jerawa don ado.

"Waɗancan... su nake so."

"Ai ba sa aiki. Na nuni ne."

"Su... nake so."

Ta dube shi kamar mai taɓin hankali, ta shiga zuba masa wayoyin roba a buhu. Mai shago da ke ƙarƙashin kanta ya ji haka, ya fara yi wa ɗan fashin nan addu'a a ransa.

A can ofishin 'yan sanda waya ta yi ƙara. Telan da ke maƙwabtaka da shagon ne ya kira.

"Kofur! Fashi a shatale-tale! Ta da mota!"

Kofur ya ta da mota, ya taka kuloci, ƙafarsa ta zarce har ƙasa ba abin da ya tare ta. Ya nemi giya ta ɗaya, babu. Ta biyu, babu.

"Yallaɓai, tun da Bakanike ya taɓa ta jiya, giya ɗaya take shiga."

"Wacce?"

"Ribas, yallaɓai."

Sufeto ya rufe ido, ya buɗe.

"Ribas ɗin tana tafiya?"

"Kamar iska, yallaɓai."

"To kunna jiniya. Hukuma ba ta jira!"

Haka suka fito titi da baya, jiniya na kuka, Kofur ya murɗe wuya ta taga yana ihu a ba da hanya, masu babur na tarwatsewa suna zagi.

A shago kuwa abin ya zama abin kunya. Gumi ya cika hular Guguwa, gilashin ya yi hazo, ba ya ganin komai sosai. Ɗaya daga cikin masu sayen da ke kwance ya ɗago kai.

"Oga, don Allah in abin zai daɗe, zan iya juyawa? Cikina ya ƙage."

"Ka motsa in fasa kanka!"

"Da me?" in ji tsohuwa.

Wani ya yi ƙyal-ƙyal a ƙasa. Wayyo, dariya! Shekara tara Guguwa yana fashi, an yi masa kuka, an yi masa fitsari a wando, amma ba a taɓa yi masa dariya ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya sauke bindigar daga sama, ya tokare gindinta a cikinsa, ya haɗa hannu biyu a kan kunamar gaba, yana nishi kamar mai janyo guga. Bakin bindigar ya shiga yawo a ɗaki. Ya bi ta kan tsohuwa. Ya bi ta kan ƙofa. Ya zo ya tsaya daidai ƙirjin Auta.

Mai Sikeli ya gani, amma hankalinsa a kwance. Kilo goma sha huɗu ba wasa ba ne. Shi ya auna da hannunsa, har da rabin bulo. Ya ci gaba da karɓar wayoyin roba, har yana ɗan jin daɗin aikinsa.

Sai ƙofa ta buɗe, Birki ya leƙo da kai.

"Oga! Me ake jira? Jiniya nake ji! Bar ta gaba — ja ta baya! Jiya na kai an sassauta ta, ko ƙuda ya sauka a kai sai ta tashi!"

Buhu ya faɗi daga hannun Mai Sikeli.

Ya dubi hannun Guguwa. Yatsun sun jiƙe sharkaf da gumi, suna zamewa daga kunamar gaba. Tsakaninta da ta baya faɗin yatsa ɗaya ne. Ba ma sai Guguwa ya yi niyya ba, santsi kaɗai ya isa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi tun daga tafin ƙafa. Muryar ɗan akuya ta tafi, ta uba ta fito da ƙarfinta.

"Auta! Kwanta, Autata!"

Ya yi tsalle — tsoho mai tumbi, wanda rabonsa da tsalle tun yana saurayi — ya cafki bakin bindigar ya banka shi sama.

DAM!

Hayaƙi! Ƙura! Ihu! Silin ya ɓurma, fanka ta tsinko da wayarta da komai, ta sauka a kan hular Guguwa — ƙwal! Ya yi juyi biyu ya zauna daɓas. Kafin ya gane gabas da yamma, tsohuwar da gwiwarta ba ta lanƙwasuwa ta miƙe ta rafka masa kujera. Mai shago ya fito daga ƙarƙashin kanta yana ihu, "Na kama shi! Ni na kama shi!" ya haye bayansa ya zauna.

Birki fa? Tun kafin ƙarar ta gama fita ya cika wandonsa da iska. Ɗan hannun Oga ke nan! Ya faɗa mota, ya figa, ya sha kwanar shatale-tale a kan taya biyu. Sai ya hangi bayan motar 'yan sanda a gabansa. Ya yi dariya.

"Shashashai, sun wuce wurin! Tafiya suke!"

Ba tafiya suke ba. Tahowa suke. Karo na farko a rayuwarsa ya nemi birki, ƙafarsa ba ta san inda yake ba.

GARAM!

Haƙoransa biyu suka rage a sitiyari. Kofur ya fito da wuya a karkace ya sa masa ankwa, suka taso shi a ƙafa zuwa shago, yana tafe yana tona asiri tun ba a tambaye shi ba.

"Yallaɓai, ni direba ne kawai! Dogon shi ne oga! Gajeren shi ke ajiye bindiga! Akwai Bakanike ma, in kuna so in kai ku!"

"Wane Bakanike?" in ji Sufeto. Da ya ji wanne ne, sai ya ce lallai wannan da kansa zai je ya kamo shi.

A cikin shago ƙura ta fara lafawa. Mai Sikeli na zaune a ƙasa, ya jingina da kanta. Safar hannunsa ta dama ta yage, yatsu biyu sun tafi, jini na zuba. Da waɗannan yatsu yake ɗaukar ƙaramin ƙarfen awo. Bai dubi hannun ba. Ta cikin baƙin gilashi yake leƙen Auta.

Tana tsaye. Lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu, sai farar ƙurar silin a gashin idonta. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zagayo, ta durƙusa, ta cire ɗankwalinta ta fara ɗaure masa hannu.

Sufeto ya shigo, ya ɗauki bindigar, ya karya ta ya zare harsashin da ya rage. Ya gwada kunamar gaba da yatsa ɗaya. Ya gwada da biyu. Ya miƙa wa Kofur, Kofur ya ja har ya saki tusa.

"Wannan kunama ce ko ƙofar kurkuku? Wa ya ɗaure ta haka?"

Guguwa, da aka cire masa hula ga ƙulu a goshi, ya juyo a hankali. Sai yanzu lissafin ya zo masa.

"Tsoho... kai ne? Kai ka ɗaure min ƙarfe?"

"Ni ne, Oga," in ji Mai Sikeli a hankali. "Kilo goma sha huɗu."

"Maci amana! Ka sa ana min dariya a gaban tsohuwa!"

"Ai kai ka ja wa kanka," in ji tsohuwa. "Yallaɓai, ka rubuta: gajeren nan shi ya ture bindigar. Ba don shi ba, da yarinyar nan ta zama gawa. Har sunanta ya kira. Da kunnena na ji."

Sufeto ya ɗaga gira. Ya yi wa Kofur alama, Kofur ya kama hular kwanon ya zare.

Ga furfura. Ga gumi. Ga fuskar da Auta ke gani kowace safiya a bakin ƙofar gida. Mai Sikeli ya sunkuyar da kai. Mai shago ya matso yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, masu saye suka miƙe, tela ya leƙo ta taga.

"Ke, 'yan mata," in ji Sufeto. "An ce ya kira sunanki. Kin san mutumin nan?"

Auta ta ja bakin ɗankwalin, ta ƙulle. Ta sake ƙullewa. Ta ɗago ta dubi ubanta ido cikin ido, idanunta sun kaɗa jawur amma ko ɗigo bai zubo ba.

"Ban san shi ba, yallaɓai."

Kwana uku Mai Sikeli yana roƙon Allah kada yarinyar nan ta san shi. Ga shi ta faɗa da bakinta, a gaban shaidu. Wallahi harbin bai yi masa zafin wannan magana ba. Ya gyaɗa kai kawai.

"Gaskiya ta faɗa, yallaɓai. Ba ta san ni ba."

Daga baya alƙali ya yanka wa Guguwa shekara goma sha biyu, Birki tara duk da surutunsa, Mai Sikeli huɗu saboda shaidar tsohuwa. Bakanike ya rantse bai san bindiga ba ce, ya ɗauka wani sabon irin jak ne, kuma duk wanda ya ga aikinsa ya yarda. An yi asarar fanka ɗaya, haƙora biyu, yatsu biyu da motoci biyu. Mutanen unguwa har yau in suka tuna sai su yi ta dariya, ni ma ina taya su. Amma dariyata takan tsaya a daidai lokacin da aka fito da su daga shagon.

Ba mota, don haka a ƙafa aka tasa su, ankwa a hannu, jama'a na biye suna ihu. Guguwa na zagi, Birki na kuka. Mai Sikeli kuwa tafiya yake yana waiwaye. Ta ƙofar shagon yana hango Auta, kanta ba ɗankwali, ta ɗauki tsintsiya tana share fasasshen gilashi. Kofur ya tura shi, ya yi taku uku, ya sake waiwayawa. So yake ta ɗago kai sau ɗaya, ko da harara ce.

Har suka sha kwana tana shara.